Mai Zuma da Kujerar Baya

Tunda ka ce ka yi wa mutanen gidanka komai amma ba ka ga alamar sun ji daɗi ba, gyara zama ka ji wani misali.

An yi wani mai zuma a wani ƙauye can bayan dutse, inda mota ba ta shiga sai babur. Amyoyinsa na rataye a bishiyoyin ɗorawa. In ya ɗebi zuma sai ya ɗura a jarkoki, ya ɗaure a bayan babur, ya nufi kasuwanni. Da yake rabin rayuwarsa a kan hanya take, ya gyara wa kansa mazauni: ya sa an ƙara soso a inda yake zama, ya shimfiɗa buzun rago a kai, har abokansa na yi masa ba'a wai ya ɗora gado a kan taya. Mahaifiyarsa kuwa tana fama da ciwon ido, irin wanda likita ya ce in ba a riƙa dubawa a kai a kai ba, gani zai tafi, kuma in ya tafi ba ya dawowa. Shi ke goya ta zuwa asibitin birni, tafiya mai nisa, rabinta gargada. Da farko tana zuwa ba musu. Daga baya sai ta fara kawo uzuri: yau jiri, gobe gaisuwar rasuwa a maƙwabta, jibi ta ce ai ta ji sauƙi. Alhali yana kallonta tana lalube kafin hannunta ya sami buta. Abin ya tsaya masa a rai. Ya zaci gudu ke ba ta tsoro, ya rage gudu. Ya zaci rana ce, ya koma fita da ita tun da sanyin safiya. Ya zaci tsufan babur ɗin take jin kunya, ya sa aka yi wa kujerar sabuwar riga ta leda mai sheƙi. Duk abin da ya yi sai ta ce, "Allah ya yi albarka," ta koma ɗaki. Shi ne ɗanta na fari. Ko sunansa ba ta faɗa, balle ta buɗe baki ta gaya masa inda ke mata ciwo a jiki.

Ana nan, ran nan ya hau ɗorawa ɗiban zuma, hayaƙin da yake kora su da shi ya mutu, ƙudan zuma suka yi masa rubdugu. Kafin ya sauko fuska ta kumbura, idanu sun rufe ruf. Maƙwabcinsa ya jawo babur ɗin, ya haye gaba kan buzu, aka ɗora mai zuma a baya, sai asibiti. Ba su gama wuce gonakin gari ba ya fara jin abin da bai taɓa ji ba. Ashe nauyin jarkoki da igiyarsu sun daɗe da cinye soson baya. A ƙarƙashin ledar nan mai sheƙi babu komai sai ƙarfe. Duk ramin da suka faɗa, sai ya ji shi tun daga ƙugu har tsakar ka. Ga shi kuwa shi mai ƙarfi ne, da tsoka a jiki. Ya tuna tsohuwa, ƙashi da fata, ta sha wannan hanya zuwa da dawowa ba ta taɓa cewa uffan ba. Hawaye ya rinƙa ratsowa ta cikin kumburin. Maƙwabcin ya ɗauka dafi ne, yana ta cewa, "Sannu, daure, mun kusa."

Da ya warke, ya ta da babur da niyyar ya je ya sayo mata soso mafi laushi a kasuwa. Sai kuma ya kashe injin, wani tunani ya zo masa. Haka fa ya yi ta zaɓa mata tun farko. Ya je wurin mai gyaran kujeru ya aro yankunan soso iri-iri, ya kawo gida ya jera a kan benci a tsakar gida, ya yi wa matarsa bayani, ya fice ya ba su wuri. Tsohuwa ta zauna a kan kowanne. Mai laushin nan shi ta fara turewa gefe. "Wannan mayaudari ne," ta ce wa surukarta, "kafin a kai rafi ya lotse, na koma kan ƙarfe." Ta zaɓi wani mai ɗan tauri da faɗi. Ta ce a ɗaga bayansa kaɗan ya tokare mata ƙugu, a kuma cire ledar, don santsi gare ta, in rana ta buga kuwa sai ka ce tanda. A sa yadi mai kauri. Da matar ta faɗa masa, ya ga ko ɗaya daga ciki bai taɓa zuwa masa a rai ba.

Ranar asibiti ya fito ya tarar da ita tsaye a zaure da mayafinta, ta riga shi shiri. Likita ya yi faɗa a kan jinkirin, ya ce an ɗan yi asara, amma ganin da ya rage za a iya riƙe shi in an ci gaba da zuwa. A hanyar dawowa, wajen da a da take yin tsit tana ƙanƙame da ƙarfen babur, sai ya ji muryarta ta bayansa.

"Kai wannan, tunda mun riga mun fito, biya da ni gidan ƙanwata mana."

Ya karya kan babur ya bi hanyar, yana murmushi shi kaɗai. Gaskiyar Hausawa da suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.