Sautin da Ja'afaru Ya Zaɓa

Ja'afaru ya soka wayar jita a ramin dama na na'urar, ya soka ta lasifika a na hagu, ya danna maɓallin wuta. Gilashin bai kawo ba.

Ya durƙusa ya kankare bakin batirin da wuƙa, ya ƙara ɗaure wayar da roba. A karo na uku ɗan koren haske ya bayyana. Batirin tsohuwar mota ne, jiya ya wuni a sola a Tsanyawa, mai cajin ya ce in ya yi awa biyu a gode wa Allah.

Shekara tara Ja'afaru ya yi yana kiɗa a wuraren biki a Kano, wannan na'urar kuwa ita ce sirrinsa. Faɗinta bai wuce na faranti ba, tana da abin takawa uku, tana juya sautin jita yadda mutum ke so: ta tausasa shi, ta ba shi amsa-kuwwa, ko ta mai da shi gurnani. Da rayuwa ta yi tsada, masu biki suka koma kunna waƙa a waya, ya tattara ya dawo ƙauye ya riƙe fartanya. Tun lokacin na'urar na cikin buhu a ƙarƙashin gado.

Matarsa Furera na tsaye a gindin dandamalin da ya kafa da itace. Muryarta ta dishe tun shekaranjiya saboda ihu.

"Baban Maryam, kana ganin zai yi?"

"Ban sani ba. Shi kaɗai ya rage mini."

Su duka sun san abin da ya saura a rumbu ba zai kai su Juma'a biyu ba.

Jiya a wajen maƙwabcinsu Malam Abdussalam baƙin da kowa ke tsoro suka sauka. Shi ma ya yi iya yinsa, har makaɗa biyu ya ɗauko daga Ɗanbatta. Kafin azahar aka gan shi zaune a ƙasa, hula a hannu, ba ya amsa sannu. Kowa ya san yau layin Ja'afaru ne.

Ya fara murza maɓallin lambobi. Ta ɗaya sautin shigowar amarya ne, mai laushi, wanda ya taɓa sa manyan mata kuka a wani zaure a Kano. Ya wuce ta. Ya wuce ta biyu da ta uku, sai da ya kai inda babu komai a ajiye, ya fara ginawa daga tushe.

Ya ƙure gurnanin. Ya gajarta amsa-kuwwar ta koma kamar ruwan duwatsu a kan kwano. Ya rage kaurin sautin don shi ke shanye batir, ya ɗaga tsininsa. Da ya taɓa tsirkiya ɗaya, Furera ta toshe kunnuwa. Ya danne maɓallin ajiya har hasken ya ƙifta sau biyu. Haka ya haɗa sauti uku, kowanne a ƙarƙashin abin takawarsa, don an gaya masa in ka tsaya kan abu ɗaya nan da nan suke sabawa.

Gabas ta yi ja. Ya gyara riƙon jitar. Ya ji motsinsu kafin ya gan su.

"Ga su nan," in ji Furera a hankali.

Ya yi bisimilla, ya taka na farko, ya sauke hannu a kan tsirkiyoyin da duk ƙarfinsa. Ba su fasa tahowa ba. Ya taka na biyu. Tsirkiya ɗaya ta tsinke ta yanke shi a yatsa, bai tsaya ba. Koren hasken ya fara dushewa. Ya taka na uku, ya kai jitar daf da bakin lasifika har ta kwarara wani ihu da shi kansa ya ji a haƙoransa.

Na gaba suka yi turus, sahu ya dare biyu, sannan gaba ɗaya suka juya.

Ja'afaru ya zube a kan dandamalin, jini na ɗiga a jitar, yana kallon garken tsuntsayen jan-baki ya nufi arewa, zangarniyar geronsa na tsaye cif ko ƙwaya ba su taɓa ba.