Tawul a Kafaɗar Hagu

Karo na uku ke nan Don Evaristo yana zuƙar gahawar Ubaldina daga cokali da ƙara kamar mai kiran kaji, ya juya ta a baki, ya tofar a gwangwani, ya ce, "Lamba huɗu ba ta shiga ba. Akwai wari."

Ubaldina tana leƙe ta tagar ɗakin ɗanɗano na ƙungiyar manoma. Wai wari! Gahawar da ta tsinka da hannunta a gangaren duwatsun yankin Huila, ta wanke, ta shanya. Rumfar da buhunan suke, sau goma take shigarta a yini, ko don ta ture babur ɗin mijinta daga hanya, ba ta taɓa jin komai ba.

Ranar Litinin motar ƙungiya za ta kwashi kaya zuwa wurin mai saye na ƙasar waje. Wanda gahawarsa ba ta shiga ba, sai ya kai wa dillalan bakin titi su yi masa wulaƙanci. Dokar mai sayen kuwa ɗaya ce: buhun da ya tarar da wari, ya soke sunan manominsa har abada. Shi ya sa ake fara bi ta bakin Don Evaristo, wanda ya shekara talatin yana wannan aiki. Kofunan ba suna a jikinsu, sai lamba.

Ba shi take zargi ba. Dattijo ne mai kirki, aibinsa ɗaya, a 'yan shekarun nan turare yake yi wa wanka, in ya wuce har jakuna sai sun yi atishawa. Matarsa Nohemí take zargi, wadda ke zuba ruwan zafi a kofunan, ta kwashe kumfa, tana sunkuyawa kan kowane kofi kamar mai neman ɗan kunne. Ita ta riƙe ɗan Ubaldina ranar baftisma, komadre suke kiran juna. Amma tun da aladen Ubaldina ya yi biki a gonar rogon Nohemí, gaisuwa ta koma ta ɗaga haɓa.

Ubaldina ta sa ido. Don ta sami hanyar zama kusa, ta kai musu wainar masara da cukun da ya kwana uku. Don Evaristo ya cinye biyu yana sa albarka. Nohemí kuwa ko ganyen ba ta buɗe ba ta ture ƙunshin. Ka ga ƙiyayya ƙiri-ƙiri.

Sai ta gano abin. Nohemí tana yawo da ɗan tawul. In ta gama da kofi ta bar tawul ɗin a kafaɗar dama, tsoho ya ce ya shiga. In ta mayar da shi hagu, ya ce akwai wari. Kofi arba'in Ubaldina ta ƙirga, ba a saɓa ba ko sau ɗaya. Ashe munafukar leƙen takardar lambobi take yi!

Da safiyar Litinin ta tare shugaban ƙungiya a gaban manoma.

"Don Plutarco, a sake gwada tawa, amma a fitar da mai tawul. Mu ga ko harshe ke aiki a nan ko tsumma."

Aka fashe da dariya. Wani ya ce, "Donya Ubaldina, alade ne har yanzu?"

"Alade ya daɗe da zama tsire, ɗan nema. Ita ce ta ƙi haɗiyewa."

Don Plutarco ya jera kofuna biyar har da nata, ya canza lambobi, ya zuba ruwan da kansa. Nohemí ta tsaya a ƙofa kamar za ta yi magana, ta dubi mijinta, ta fita.

Don Evaristo ya ɗauki cokali. Ya zuƙa, ya tofar, ya dubi ƙofa. Ya sake zuƙa, ya sake duban ƙofa. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Daga ƙarshe ya ce, can ƙasa-ƙasa, duka biyar sun shiga.

Ubaldina ta rangaɗa guɗa. Nan take aka ɗora buhunanta goma sha takwas, kowanne da sunanta ɓaro-ɓaro da jan fenti. Sai da motar ta sha kwana ta ɓace, sannan Ubaldina ta nufi gindin gwaiba inda Nohemí ke zaune, tawul a cinya.

"To, komadre, yau wace kafaɗa ce?"

Nohemí ba ta ɗago ba. "Motar ta tafi?"

"Ta tafi, sai haƙuri."

"Kayya, komadre. Sau uku ina tare miki ita. Jarkar fetur ɗin mijinki a kan buhunan take zama, ko? Ke kin saba, hancinki ya daina gaya miki. Mai saye kuwa daga buɗe buhun farko zai ji."

Ubaldina ta ce, "Ƙarya ne! Don Evaristo da bakinsa ya ce ta shiga."

"Zai ce, mana. Harshe ɗaci da zaƙi da tsami ya sani, sauran duk aikin hanci ne." Nohemí ta ninke tawul ɗin, ta rage murya. "Shekara huɗu ke nan tun da zazzaɓi ya tafi da hancinsa. Shi ke zuƙa, ni ke ji."