Ƙauyen da Ya Ce Lafiya Lau

Kwana da kwanaki ke nan abinci ba ya shiga mini. Ma'aikatan lafiya sun shigo unguwarmu, gida-gida suke bi suna tambayar mutum nawa ke ciki, wace sana'a ake yi, wace cuta ke damun wa. An ce taswira za su zana, inda cuta ta taru can za a kai magani. To ni autana Nazifi yana da farfaɗiya, ba wanda ya sani sai ni da babansa. Ɗinki yake koyo, kuma na san halin maigidansa, ranar da ya ji ranar zai sallame shi, don yana cikin masu cewa ana ɗaukarta a yawu. Ga shi mai tambayar layinmu Rashida ce, 'yar maƙwabtanmu. Sun ce sirri ne, amma Rashida tana da uwa, uwarta kuwa tana da baki.

Da abin ya ishe ni na tafi wurin Goggo Kande, ƙanwar mahaifina, na fayyace mata komai. Ba ta ce mini yi ko bari ba, sai ta ba ni misali.

Ta ce wani manomi ne, ƙauyensu da ƙauyen da ke gabansu tafki ɗaya suke sha, yaran duka biyun kuma fitsarin jini suke yi. Wata rana aka aiko cewa baƙi na tafe su ga halin da ake ciki. Manomin nan, da yake ana jin maganarsa, ya tara mutane ya ce ba a tarbar baƙo da kuka. Aka share ƙofar gidaje, aka ciro kayan Sallah daga akwati, aka kora yaran da suka rame bayan gari wurin awaki. Aka yanka zabi, aka dama fura har da sukarin aro. Duk wanda baƙi suka tambaya sai ya ce lafiya lau, sai godiya. Ƙauyen gaba kuwa ba su yi wannan dabara ba. Wata maginiyar tukwane ma jawo ɗanta ta yi, ta sa ya yi fitsari a kasko, ta ajiye musu a gabansu. Manomi ya ji labari ya yi ta dariya, ya ce mutanen nan ba su da ta-ido.

Baƙi suka koma birni suka zana abin da aka nuna musu: ƙauyen manomi kore, alamar lafiya, na maginiya ja, alamar cuta. Da rani ya yi, motar haƙa rijiya ta bi ta ƙofar gidan manomi, direba har ya tsaya ya tambaye shi hanya, ya wuce ƙauyen gaba. Can aka haƙa burtsatse, can aka buɗe ɗakin shan magani. Da ciwon ɗan manomi ya tsananta, a kan jaki ya ɗora shi, ranar kasuwa, ya ratsa jama'a ya je ya bi layi. Abin da ya ɓoye wa baƙi, ƙauyuka biyu suka gani.

"Kin ji," in ji Goggo, "shi ya sa Hausawa suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Na ji, ban kuma ƙaryata ba. Duk wata sai na shiga mota har birni neman maganin Nazifi, wani lokaci in dawo hannu rabbana. Kuma na san ba gidanmu kaɗai ba ne, don na taɓa ganin wata 'yar unguwarmu a layin asibitin, ta kau da kai, ni ma na kau. Amma cibin nan ba nawa ba ne, na yaro ne, shi zai fita da shi cikin mutane.

Rashida ta riga ta gama da gidan da ke jikin namu. 'Yan'uwa, in ta yi sallama ta ce, "Mama, akwai mai ciwo a gidan nan?", me zan ce mata?