Asalin Tufno

Duje Matulina ya sa an goge mutum-mutumin har sau biyu kafin ƙarfe tara na safe. Kare ne na tagulla mai ɗigo-ɗigo, an girke shi a bakin kasuwar kifi, a ƙasansa an rubuta: Tufno, jinin Kontesa, gidan Matulina.

Babu yaro a gaɓar Dalmatiya da bai san Tufno ba. Shekara talatin ana nuna shi a talabijin, karen zane mai kwaɗayi da tsoro, wanda kan leƙa hagu da dama kafin ya saci nama, ya ja ƙafa ɗaya ya arce, ya goge baki kamar bai san zancen ba. Duk tsawon shekarun nan Duje yana gaya wa masu sayen kwikwiyo cewa karyarsa Kontesa aka kalla aka zana shi. Da wannan magana ya zama shugaban masu kiwon karnuka na lardin, da ita kuma yake neman kujerar magajin gari a bana. Abu ɗaya ya rage masa, ya ji ta daga bakin wadda ta yi zanen, a gaban jama'a.

Mai zanen kuwa 'yar garinmu ce, Nevenka 'yar Stipe mai gyaran raga. Tun tana budurwa take yawo da kyamara a kafaɗa, tana ɗaukar bikin aure da na baftisma. Tana da kare a lokacin, sunansa Bura. A wurinmu kwikwiyo fari fat ake haihuwarsa, ɗigon sai daga baya yake fitowa. Wanda aka haifa da baƙin tabo, alƙalan karnuka ba sa ko kallonsa. Bura da tabo ya zo, faffaɗa, a kan idon dama. Ranar da ya tsallaka katangar Duje yana shinshinar Kontesa, Duje ya ɗauko bindigar farauta ya harbe shi.

"Ɓata min jini zai yi," abin da ya ce wa Stipe ke nan, ko haƙuri bai bayar ba.

Nevenka ta haƙa rami da hannunta a gindin zaitun. Wata bai cika ba ta hau jirgin ƙasa zuwa Zagreb, ba ta sake taka garin ba. Ni dai na tsani Duje tun daga ranar, kuma ba ni kaɗai ba ne.

Da ya rubuta mata takardar gayyata zuwa bikin buɗe mutum-mutumin, amsarta layi biyu ce. Za ta zo, kuma za ta kawo faifan asali. A zamaninsu haka ake aikin: a ɗauki mai rai a fim, a haska a kan gilashi, a bi motsinsa da fensir hoto bayan hoto, har zane ya tashi yana tafiya.

Duje ba wawa ba ne, ya yi tunanin Bura. Ya kwaso hotunan Tufno ya baza a kan tebur, ya ƙirga ɗigo ɗaya bayan ɗaya da gilashin karatu. Babu tabo a ido. Ɗigo uku a kunnen hagu, daidai da na Kontesa. In ta ce Bura ne, zai ƙaryata ta da hujjar da kowane alƙali zai sa wa hannu. Haka muke a nan, fata muke dubawa a jikin kare.

Matarsa Ruža ce kaɗai ta ce ba za ta je ba. Ita dama ko jikoki suka kunna Tufno, tashi take ta shige kicin.

"Don Allah, Duje, ka bar maganar nan. Ka buɗe gunkinka ka dawo gida."

"Ke me kika sani a kan kare?"

Nevenka ta sauka a motar rana, gashinta ya yi fari, da gwangwanin faifai a hammata. Duje ya taro ta yana ɗingishinsa na kullum, wanda ya ce a yaƙi ya samo, mu kuma mun san daga kan amalanke ya faɗo. Maiƙon gasasshen rago ne a leɓensa, ya share da bayan hannu kafin ya miƙa mata.

"'Yar Stipe! Abin da ya wuce ya wuce, ko?"

"Ai ba don kai ba, Baffa Duje, da babu Tufno," ta ce. "Yau kowa zai sani."

Ya yi dariya har da buga cinya. Ya kira 'yan talabijin su matso, ya sa ta maimaita.

Ɗakin taro ya cika maƙil. Limamin coci a gaba, alƙalan karnuka da suka zo daga birnin Split a bayansa, abokin takarar Duje can gefe ya ɓata rai. Aka ja labule. Duje da kansa ya hau dandamali ya ce a buɗe ido da kyau, kada gobe wani ya ce ba a gaya masa ba.

Nevenka ta ɗora faifan. Allon ya rabu biyu. A hagu Tufno ya fito, ya leƙa nan, ya leƙa can, ya cafki nama, yara suka fara ihu. Ɓangaren dama ya ɗan yi duhu, sannan ya washe a kan farfajiyar wani tsohon biki, da tebura da ƙafafun mutane. Dariyar manya ta fara daga baya, ta taho gaba layi-layi, har limamin ya rufe fuska da hularsa.

Abin da ke rarrafe a ƙarƙashin teburin amarya, motsi ɗaya da Tufno babu ko bambancin ƙiftawa, Duje ne, cikin kwat ɗin biki, a buge, da cinyar rago a bakinsa.