Giɓi Tara a Shaidar Inna Tani

Karo na uku ke nan da Injiniya Munir ya zare abin sauraro daga kunnensa, ya yi wa kwamfutarsa irin kallon da alƙali ke yi wa ɓarawon akuya. Laƙabin injiniya shi ya naɗa wa kansa bayan kwas na wata shida a Kano, mutanen ƙauyensu na bayan Tofa kuwa, saboda yawan kawaici, ba su taɓa neman ganin takardar ba.

Al'amarin dai ba na wasa ba ne. Baffansa Talle, ƙanen marigayi mahaifinsa Shafi'i, ya riga ya kawo masu yanka fuloti sun kafa turaku a gonar gindin tsamiya, yana mai cewa shi tsohonsu ya ba wa tun yana raye. Gonar nan kuwa ita ke ciyar da Munir da mahaifiyarsa da ƙannensa mata. Shaida ɗaya ta rage a doron ƙasa: kakarsa Inna Tani, mahaifiyar su Talle, wadda ciwon ƙafa ya hana ta fita. Dagaci ya amince a ɗauko muryarta a kawo masa ranar Alhamis.

Munir ya shirya kamar mai buɗe gidan rediyo. Ya rataya barguna a bangon ɗakin tsohuwa, ya kafa mata makirfo, wanda ita take kira ludayi, ya ja waya zuwa zaure, inda ya zauna shi da allon kwamfutarsa. Kafin ya fita sai da ya yi mata lacca.

“Inna, ban da ‘yaron nan’, ban da ‘wancan’. Gaban hukuma za a kai. Suna ake so ƙarara.”

“To,” in ji tsohuwa.

Muryarta ta fito tas. Ta ambaci shekarar da rijiya ta rufta, ta ambaci 'ya'yanta Talle da Hadi da Nababa, har jakin gidan sai da ta kira sunansa. Amma a wuri tara sautin ya ɗauke, gwargwadon numfashi guda, kuma mafi muninsu ya faɗo daidai inda ake buƙata: “Ta gindin tsamiya kuwa, a gabana Malam, babansu, ya ce ya ba wa…” Shiru. “…shi ya fara sa mata fartanya.”

Nan ilimi ya motsa. Injiniya ya fara da tuhumar waya, ya hau mota zuwa Kano ya sayo sabuwa. Ya tuhumi inbatar sola da ke gurnani, ya kashe ta, ya koma kan batir. Ya tattara wayoyin matan gida ya zuba a ƙwarya ya kai bayan rumbu. Ya je ya roƙi Ramlat mai injin niƙa ta dakata da aiki na awa guda. Ta dakata, bayan ta gaya masa ra'ayinta game da karatun zamani, ra'ayin da ba zai rubutu a nan ba. Ya faɗaɗa ɗan rumbun da kwamfuta ke tara sauti a ciki kafin ta adana shi. Ya goge manhajar ya sake ɗora ta.

Ranar Talata aka sake ɗauka, giɓi ya koma bakwai, Injiniya ya sanar da gida cewa kimiyya ta fara rinjaye. Ranar Laraba suka dawo tara cif.

Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne rashin ta-idon na'urar. A cikin kowane giɓi, dakan maƙwabta yana nan raɗau, carar zakara tana nan, muryar tsohuwa kaɗai ake haɗiyewa. Bayan dogon nazari ya yanke hukunci cewa matatar hayaniya ta cikin manhajar ce ke aiki a birkice, ya kuma rubuta wa masana na intanet tambaya mai sakin layi biyar. Wani daga wata ƙasa ya ba shi shawara ya sayi sabuwar kwamfuta. Tsohuwa kam bai tambaye ta komai ba. Ina injiniya ina shawara da mai kiran makirfo ludayi.

Ranar Alhamis da hantsi ya tsaya a ƙofar Dagaci, gumi na bin wuyan rigarsa, ya gabatar da uzuri mai tsawo a kan lantarki da ƙura da kayan gwanjo. Talle yana gefe yana murmushi, domin labari ya riske shi cewa sunansa ya fito sau goma sha ɗaya, garau.

Aka kunna. Da aka iso giɓin farko, wani dattijo ya gyaɗa kai. A na uku liman ya sunkuyar da fuska yana gyara rawani. Munir ya tabbata na'urarsa ake yi wa dariya. Da aka zo maganar tsamiya, Dagaci ya ɗaga hannu ya ce a maimaita. Aka maimaita. Murmushin Talle ya bi iska.

“Talle, ka ji da kunnenka,” in ji Dagaci. “Ka gaya wa baƙinka su zo su tumɓuke turakunsu.”

Munir, wanda gaskiya ba ta cikin abubuwan da ya rasa, ya matso yana in-ina. “Ranka ya daɗe, ai sunan bai fito ba. Na'urar ce ta…”

“Injiniya, na'urarka lafiyarta ƙalau.”

Domin a duk ƙauyen, ban da mutum ɗaya mai kwas na wata shida, babu wanda bai sani ba cewa shekara sittin da biyu ke nan, a cikin sunayen 'ya'yanta, ɗaya tak kunya ta hana Inna Tani furtawa: na ɗanta na fari, Shafi'i.