Ranar da Aka Ɗauki Ilu

A gidan marayun, kowane yaro da munduwarsa a hannu. In hankalinsa a kwance yake, tana nan koriya. In ta yi ja, sai a kai shi ɗakin hutu, ya fito ya manta da wanda yake wa kuka.

Ranar Laraba wasu ma'aurata suka zo ɗaukar Ilu, ƙanin Tasalla. Yaro ɗaya suke so. Inna Kande, mai kula da yaran, ta aiki Tasalla ta kai masa takalmansa bakin ƙofa.

Ta durƙusa tana sa masa. "Kada ka yi kuka a mota," ta ce a hankali. "Ka ja numfashi yadda na koya maka."

"Yaya, yaushe za ki zo?"

"In ka yi kuka, ko na zo ba za ka gane ni ba."

Da wannan dabarar Tasalla ta riƙe fuskar mahaifiyarsu a ranta har yau.

Motar ta tashi. Ilu ya manna hannu a gilashi, munduwarsa jawur. Matar ta gani, ta yi wa mijinta magana, sai motar ta juyo wajen ɗakin hutu.

Inna Kande ta duba hannun Tasalla. "Koriya shar. Yarinyar nan akwai juriya."

Bayan la'asar Tasalla tana shara Ilu ya fito riƙe da hannun matar, yana murmushi.

"Sannu da aiki," ya ce, kamar yadda ake gaida baƙuwa.

"Yauwa," ta amsa. Ta matsa gefe suka wuce.