Ladanin da Aka Ce Yana Shaƙe-Shaƙe

Ku 'yan kwamitin masallaci, ku saurari wannan misali, tun da kun ce zolaya ba laifi ba ce.

An yi wani ladani mai ciwon asma. Likita ya ba shi maganin shaƙa iri biyu: ɗaya na kullum, safe da yamma, ko da yana jin garau, ɗaya kuma na lokacin da numfashi ya sarƙe. Kafin kiran magariba sai ya juya ga bango, ya sa abin a baki, ya zuƙa, ya riƙe numfashi ido a rufe. Ran nan wani a majalisar ƙofar masallaci ya hango shi, ya ce, "Ashe Ladan ma ya fara shaƙe-shaƙe?" Aka kwashe da dariya. A cikin masu dariyar har da masu ilimin da suka san shaƙar magani daban, shaƙe-shaƙen 'yan maye daban, amma ba wanda ya gyara kalmar. Kafin Juma'a an raɗa masa Ladan Sholisho. Kunya ta sa ya tura magungunan ƙarƙashin katifa. Mako uku ba abin da ya same shi, har ya ɗauka ya warke. Sai kaka ta yi, ƙaiƙayin sussuka ya cika gari. Yana tsakiyar kiran la'asar murya ta yanke. Lasifika na kunne, unguwa kaf ta ji ƙirjinsa yana fito kamar tsohon zuga-zugi, kuma maganin gaggawar na can gida.

Allah ya yi da sauran kwana. Masu dariyar suka je asibiti da lemo a leda, kai a sunkuye, suka ba shi haƙuri cikin raɗa. Wannan bai isa ba. A bainar jama'a aka ci mutuncinsa, a wannan lasifika ya kamata a wanke shi, a faɗa wa kowa magani ne, likita ya rubuta, kuma a kan lokaci ake shansa. Ko an yi hakan ma ba a gama biya ba, domin ya koma kan maganinsa, amma har yau sai ya shiga bayan gida ya kulle ƙofa kafin ya shaƙa. Ina cikin waɗanda suka yi dariyar, shi ya sa ba zan yi shiru ba.

Hausawa sun ce, magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.